Ƙwai Marar Ɓawo da Abin da Na Yi wa Uwar Masu Gidanmu

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa. Daga Madina nake rubuto muku, wata alhajiya 'yar garinmu na ba takardar ta jefa min a gidan waya idan ta sauka Kano. Don girman Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma na canja su. Ku ji ni zuwa ƙarshe kafin ku tsine min, tsinuwar da nake yi wa kaina ma ta ishe ni.

Maigidana ɗalibi ne a nan. Muna haya a ƙasan wani gida a unguwar Aziziya, masu gidan suna sama: wata tsohuwa da muke kira Hala Kaltume, wadda kakanninta suka zo hajji da ƙafa ba su koma ba, sai ɗanta Bakur direban motar alhazai, da matarsa Safiya da yaransu biyu. Ni ban iya zaman banza ba, sai na roƙa aka bar ni na yi akurki a kan rufin bene na zuba kaji. Tsohuwar da kanta ta ba ni katakon.

Da zafin bana ya kankama, kajin nan suka fara abin da ban taɓa gani ba, ni da na tashi cikin kaji a gidan kakata. Na ɗauki ƙwai ya lotsa a hannuna, babu ɓawo sam, fata ce kawai ana hango gwaiduwar. Wani ya zo ɗan mitsitsi kamar dabino, na fasa babu gwaiduwa. Wani duk jikinsa a yamutse. Wanda ya fi ba ni tsoro wani ƙato ne, na fasa a kasko sai ga wani ƙwan a cikinsa da ɓawonsa cif. Na nuna wa Malam, maigidana, ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah ne, soya mana mu ci." Na ce shi ya ci, ni wannan ba zai shiga bakina ba.

A lokacin ina da ciki, bayan na yi ɓari biyu. Ranar da na fasa ƙwai na ga ɗigon jini a jikin gwaiduwa, a ranar jini ya ɓalle min, cikin ya zube. Ku gaya min, wace mace ce za ta ga haka ta ce babu hannu a ciki? Ni dai na riga na yanke cewa asiri aka yi min ta jikin kajin, saura in san mai shi. Kazar da na zarga da ƙwan ma ban yanka ta ba, ƙafafunta na kama na dinga maka ta da bango har ta daina motsi.

Da na ɗan ji ƙarfi, wata safiya na hau sama, sai na tarar da Hala Kaltume a tsugune bakin akurki, tana barbaɗa wani farin gari daga gwangwanin madara cikin abincin kajin, bakinta yana motsi. Na ce, "Hala, me kike zuba wa kajina?"

Ta ɗago tana murmushi. "Ma'alesh ya binti, yi haƙuri 'yata, ban so na tashe ki ba ne, ke da ba ki da lafiya."

Ban bari ta ƙara kalma ba. Na shaƙe ta da mayafinta, na kwaɗa mata mari, ina cewa muguwa, ashe ke kike cinye min 'ya'ya. Na gwara kanta da tankin ruwa har goshinta ya fashe. Matar da ta haifi sa'ar uwata. Ta miƙe tana laluben hanyar matakala, jini ya rufe mata ido, na bi ta na hankaɗa da hannu biyu. Har yanzu ina jin ƙarar gangarawarta. Na sauko na tsallake ta, na shige ɗakina na ja ƙofa. Safiya ce ta tsince ta da ta dawo daga sayen burodi.

A asibiti aka ce ƙugunta ya karye, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Kowa ya ɗauka zamewa ta yi, domin Safiya ta wanke matakalar da sabulu da safen nan. Bakur yana dawowa daga filin jirgi ya rufe Safiya da duka da bel. Ina ƙasa ina jin jikinta yana buguwa da bango, tana rantsuwa da Larabci tana rantsuwa da Hausa cewa ta tsane matakalar tas. Ya cire mata haƙori. Tun daga ranar da wuya ya dawo daga duba uwarsa bai taɓa ta ba, ni kuwa sai in ƙure rediyo.

Shekaranjiya Safiya ta sauko wurina, ido a kumbure, gwangwanin nan a hannunta. Ta ce, "Ukhti, 'yar'uwata, wannan na kajinki ne. Ummi, surukata, ita ce take tara ɓawon ƙwai ta gasa ta daka musu. Ta ce zafin Madina ne da shinkafa zalla da kike ba su suke lalata ƙwan, kajin kowa haka suke yi. Ta hana a faɗa miki, kada ki ji kamar an ce ba ki iya kiwo ba." Na zuba garin a tafin hannuna na duba. Ɓawon ƙwai ne, wallahi ɓawon ƙwai ne. Na zauna a ƙasa.

Sannan ta ce Bakur ya rantse da zarar alhazai sun gama tafiya zai sake ta, ya mayar da ita Jidda wurin iyayenta, yaran kuma ba za ta tafi da ko ɗaya ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kina gida ranar. Ba ki ga matakalar a bushe ba? Ki faɗa masa, ke zai yarda da ke." Na dubi idonta na ce barci nake yi.

In na buɗe baki, 'yan sanda ne da kurkuku, Malam kuma a kore shi ana saura shekara ɗaya ya gama, shi da bai san komai ba. In na yi shiru, an raba baiwar Allah da 'ya'yanta a kan laifina. An dawo da tsohuwar gida, in na hau gaishe ta sai ta kafe ni da ido, hawaye yana bin gefen fuskarta, leɓenta yana rawa. Likita ya ce mai yiwuwa maganarta ta dawo. Kowa a ɗakin ya ce Allah Ya sa, ni ma na ce amin da baki, amma a cikin raina roƙo nake yi kada ta dawo. Wannan ya fi komai ba ni tsoron kaina. Jiragen alhazai kuwa sun fara tashi.

Jama'a, don Allah, me zan yi?