Murfin Tukunyar Tukur

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Tukur, ɗan yayana, ya kawo sabuwar tukunyar turara shinkafa da ya ƙera. Shekara biyu yana kanta. Aikinsa ke nan, wai gyara kaya su dace da hannun mai amfani da su. Ba shi da ikon shiga gidajen matan Auyo, shi ne ya roƙe ni. "Gwaggo, kada ki koya musu, kada ki taya su. Ki kalla kawai, ki rubuta." Na ce da ajami na iya. Ya ce ya ishe shi.

Ran sha takwas ga wata maƙera za su fara buga guda ɗari uku.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Babur, sannan kwalekwale. Ruwa ya fara janyewa, bado ya buɗe fari fat, balbelu sun yi sahu kamar masu jiran liman. Na so a ce mai fito ya manta da gaɓa.

Mata bakwai a gidan Iya Ma'u. Duk wadda na tambaya: "Madalla, ta yi kyau, Allah ya saka masa." Sau bakwai na rubuta.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ashe zaman kallo aiki ne. Tururi yana tashi, ƙanshin shinkafa ya mayar da ni tsakar gidanmu, Inna tana juya tata da muciya, ina rungume da allo... Na farga sai na ga Barira, surukar Iya, tana ɗaga murfi. Da hagu take ɗagawa, dama na riƙe da ludayi, goyo a baya. Tukur ya sa mariƙin don hannun dama. Tururin ya bugo mata wuyan hannu. Ta ja mayafi ta rufe.

Na lura duk su bakwai haka suke ɗagawa, fuska a kauce.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Wuyan hannun Barira ya yi bororo. Ta riƙe min hannu a zaure: "Malama, don Allah kada ki faɗa masa. Ɗan mutane ya kawo mana alheri, mu ce da aibi? Ai sai a ce ba mu da kunya."

Ban rubuta wa Tukur wannan ba.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na yi mafarkin hannuwa, ba fuskoki, suna fitowa daga kogi kamar bado, kowanne da tabo. Ɗari uku.

Malaminmu ya karantar da mu cewa ɓoye shaida zunubin zuciya ne. Ita kuma amana fa? Tukur ya kira, muryarsa fal murna: "Gwaggo, sun yaba ko?" Na ce sun yaba. Gaskiya ce, amma bakina ɗaci.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Na koma wajen Barira tukuna. Na ce zan faɗa, ba zan kama suna ba. Ta ce, "Ke dai Malama, taurin kai a ƙarƙashin hijabi." Ba ta raka ni zaure ba.

Na faɗa wa Tukur bayan la'asar. Can ya miƙo min murfin: "Nuna min yadda suke yi." Na ɗaura matashi a baya, na riƙe ludayi, na ɗaga da hagu. Sau biyar ya sa na maimaita. Idonsa ya yi ja. Ya kira maƙera ya ce su dakata.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Barira ta aiko da saƙo: in an gyara, ita za ta fara gwadawa. Babu gaisuwa a ciki. Komai da lokacinsa.

Tukur ya ce akwai masu banda kifi da za a je kallo watan gobe. Na ce shekaruna sun wuce yawo.

Yau a bakin famfon unguwa na tsaya bayan wata tsohuwa tana buga ruwa, tana ɗage a kan yatsun ƙafa. Ban taya ta ba, Allah ya yafe min. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, sake yi in gani."