Baba Ne Ya Kai Shi Da Hannunsa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan da sauƙi za a ce. Gwiwoyin Inna sun matsa mata, salla ma a zaune take yi. Yarana lafiya lau, ci kawai da ɓarna. Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, ni da ko saƙon waya sai ka yi mini gori kafin in amsa. Wayar ce ba ta da sirri yanzu, kowa ya san ana saurare. Shi ya sa na ba wani direban babbar mota, abokin maigidana, takardar nan ya jefa maka ita a gidan waya in ya tsallake iyaka.

Yaya, ka san an tsare Auta, amma abin da muke iya faɗa maka a waya ko rabi bai kai ba. Ka tuna layin shagunan da aka ba sojojin da suka dawo daga yaƙi da rauni, inda Baba ya zauna da keken ɗinkinsa na hannu, tunda ƙafar taka keken ya baro ta a fagen daga. Da wannan keken aka yi maka makaranta har ka hau jirgi. Da idon Baba ya yi rauni Auta ya karɓi shagon, ya ƙaro kekuna, aiki har yana yi masa yawa. To rannan da safe sai ga katafila da 'yan sanda, wai an sayar wa wani kamfani filin, za a gina katafaren kanti. Ko kwashe kaya ba a bari an gama ba. Tsohon nan makaho mai saƙa kujeru, da ƙyar aka janye shi kafin bango ya faɗo. Auta ya ciro waya ya ɗauki abin da ake yi, ya kuma faɗi abin da ke ransa, cewa mutanen nan sun ba da ƙafafunsu da idanunsu ne don kada a wayi gari wani ya kori wani daga wurinsa. Bai zagi kowa ba, na kalla da idona. Kafin yamma hoton ya zaga gari, washegari aka fara nemansa, sai muka tura shi gidan Gwaggo ya ɓuya.

Da a ce da ƙarfi suka zo mana, wallahi da har yanzu Auta yana ɗakin Gwaggo. Amma wani jami'i ne ya zo shi kaɗai, matashi, tsaf da shi. Ya yi sallama, ya ƙame a tsakar gida ya sara wa Baba, ya kira shi Saje. Yaya, rabon da wani ya kira Baba da wannan muƙami tun muna yara. Sai ga tsohon nan ya dafa sanda ya miƙe, fuskarsa ta washe. Jami'in ya ce 'yan tambayoyi ne kawai, kuma ya ba shi alkawari irin na soja da soja, cewa kafin la'asar yaron zai dawo gida. Bayan ya tafi, ni da Inna babu irin roƙon da ba mu yi ba. Baba ya ce mu ba mu san aikin ba. Ya ce ranar da ya rasa ƙafarsa, hafsansu ya ce masa ya kwanta zai dawo ya ɗauke shi, kuma ya dawo, ana ruwan harsashi ya saɓa shi a kafaɗa. Ya ce wanda ya sara maka ya ba ka magana ba ya tashinta, kuma ɓuya ta mai laifi ce. Ya sa aka goge masa tsohon kakinsa, ya maƙala lambobin yabonsa, ya naɗe ƙafar wandon ya kama da fil, ya ɗauki motar haya zuwa gidan Gwaggo. Ka san Auta bai taɓa yi wa Baba musu ba. Ya bi shi, Baba ya riƙe hannunsa har bakin ƙofar ofishin ya miƙa shi.

La'asar ta yi, magariba ta yi, yau ga shi har an shiga wani watan. Ba a kai shi kotu ba, ba a bar kowa ya gan shi ba. Abu ɗaya muke riƙe da shi, kwanon abinci. Kullum matar Auta takan dafa, in ɗaure kwanon da ƙyalle in kai bakin ƙofa a karɓa. In an dawo da shi, ƙullin ƙyallen nake fara dubawa, don Auta yana da wani ƙulli nasa na teloli, mai lanƙwasa biyu, da ba ya ɓace mini ko a cikin dubu. Muddin na ga ƙullin nan na san yana ciki kuma hannunsa yana aiki. To tun farkon makon nan kwanon yake dawowa yadda na kai shi, da ƙullina, abincin ya huce ba a taɓa ba. Mai gadi ya ce shi bai san mai wannan suna ba. Wata mata da muke layi tare, wadda mijinta ya daɗe a ciki, ta ja ni gefe ta ce in kwano ya fara dawowa a cike, ko dai mutum ya kwanta ciwo, ko an ware shi cikin waɗanda za a kwashe zuwa wani wuri mai nisa, kuma ita ba ta taɓa jin wanda aka kai can ya aiko da labari ba. Na kasa gaya wa matar Auta. A hanya nake ba mabarata abincin, in ƙulla ƙyallen yadda na iya, ita kuwa ta karɓa, amma ina jin ta gane.

Baba kuma kullum da safe sai ya sa kakin nan ya je ya tsaya a bakin ƙofar, wai yana jiran jami'in ya tuna masa alkawari. Dungulmin ƙafarsa ya kumbura, yana tsattsafo da jini, abinci sai Inna ta yi kuka yake kai loma. Duk da haka ya hana mu buɗe baki. Na ce a kai maganar gidan rediyo ko wajen masu kare haƙƙin jama'a, ya ce soja ba ya kai ƙarar ƙasarsa waje. Kai ma kullum maganarka a waya a bi a hankali. Ka yi haƙuri Yaya, daga inda kake bin a hankali yana da sauƙi, mu nan a hankalin ne yake cinye mu.

Jiya na raka shi, sai ga motar jami'in za ta shiga. Baba ya jingina sandarsa a jikina, ya tsaya a kan ƙafarsa ɗaya ya sara. Mutumin ya dube shi ido cikin ido, ya ɗaga gilashi, mota ta wuce aka rufe ƙofa. Hannun Baba yana nan a goshi, ni na kama na sauke masa shi. Muka koma gida. Da ya yi salla ya kira ni, ya ce in ɗauko takarda in rubuta maka.

Don Allah, don darajar iyayenmu, ranar da wasiƙar nan ta shiga hannunka ka fita ka faɗi sunan Auta a duk inda za a ji, gidajen rediyo, 'yan jarida, ƙungiyoyi, kowa. An ce wanda aka san sunansa a waje ba a cika ɓatar da shi ba. Kada ka tsaya tunanin abin da zai biyo baya a kanmu, mun riga mun zauna mun yarda. Ban san ko muna da mako guda ba.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Gwaggo, Kawu, maigidana da matar Auta duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka shafa mini kan yara. Na tambayi Baba ko in sa gaisuwarsa, ya ce gaisuwa ta jira. Saƙonsa shi ne, in ka tashi ba da labarin kada ka rufa masa asiri, kada ka ce kama Auta aka yi. Ka gaya wa duniya ubansa ne, tsohon soja, ya riƙo hannunsa ya kai shi, kuma da wannan za ka fara.

Wassalam. Taka cikin jira da addu'a,
Ƙanwarka.