Inna, Ban Je Wurin Lawal Ba

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan kabarinki na cike da haske.

Kin tuna shekarar da soja suka miƙa mulki, da motocin kamfen suka cika Katsina? Ranar nan Yaya Kabiru ya fito daga Ƙofar Guga kan kekensa, Lawal ɗan maƙwabtanmu ya kwaso matasa a a-kori-kura yana sheƙa gudu don nuna bajinta, ya bi ta kansa.

Ran sadakar uku mahaifin Lawal ya zo da dattawan unguwa suka durƙusa a zaure. Daga bayan labule kika ce kin yafe, kwanan Kabiru ne ya ƙare. Wallahi na ji haushinki, Inna. Kin san ni da baki, har Malam Isa na allo sai da na tare shi da tambaya: in an rubuta, mene ne laifin Lawal? In kuma laifinsa ne, me ya sa Mai Iko bai riƙe ƙafarsa ba? Istigfari kawai ya ce in yi.

Ke ce kika amsa mini, kina tsintar shinkafa ko ɗagowa ba ki yi ba: "Allah Ya sani, ɗiyata, amma ba Shi Ya taka ma Lawal totur ba. Ni ma ba Shi Ya tilasta mani yafiya ba."

Ban gane ba. Shekara da shekaru Lawal na gaishe ni ina kau da kai.

Makon jiya ciwo ya kwantar da shi a gidansa na Kambarawa. Ya aiko matarsa, wai kowa ya yafe masa sai ni, in taimaka in zo. Na ce to. Na ɗauki mayafi na ajiye, na ce in Allah Ya nufa zai sanyaya mini zuciya. Kwana uku ina wannan jira.

Jiya Alhamis aka kai shi makwancinsa.

Masu zaman makoki suna ta cewa haka Allah Ya so. Ni dai na san ƙafafuna lafiyarsu lau, kuma babu wanda ya riƙe su.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Yaya Kabiru. Ya jiƙan Lawal, Inna. Yau na faɗa, ba ya nan balle ya ji.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hajara