Ɗan Dutsen Niƙa Ya Koma Gida

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya sanyaya makwancinki, ni ce Hadiza, malamar kimiyyar nan taki ta Gummi, wadda kika ce boko ya hana ta iya tuƙa tuwo. Na san ba karantawa za ki yi ba, amma zama ya gagare ni, kuma ba ni da wanda zan yi wa surutun nan sai ke.

Kwanakin baya ina koya wa ɗalibaina duwatsun da ke kewaya rana, can gaba da duniyarmu. Akwai wani ɗan madaidaici, dutse ne zalla, ba ruwa ba iska, amma da wani ƙarami da ke zagaya shi. Tsabar nisa ba a ganin ƙaramin. Sai in ya gifta ta gabansa hasken babban ya ɗan ragu, a nan masana suka gane su biyu ne. Wata ɗaliba mai bakin tsiya ta ce ashe har a sama akwai dutsen niƙa da ɗansa. Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa sai da na nemi kujera.

Kin tuna ranar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na bayan Adabka? Kowa na kwasar tufafi, ke kina kokawa da dutsen niƙanki. Da ya ƙi ɗaguwa, kika ƙulle ɗansa a bakin zane. Na yi ta mita, wai mutane na gudun ceton rai ke kina goyon dutse. Kika ce, "Dutsi ba ya niƙa shi ɗai. Na bar uwar tana jiran gida, wanda ya koma shi kai mata ɗanta." Har Allah Ya karɓi ranki yana ƙarƙashin gadonki.

To Inna, autanki Lawali ya gaji da kabu-kabu a Bukkuyum. Ya ce an yi sulhu, shi da matarsa za su koma noma. Injin niƙan ƙauyen an ƙone shi, don haka ya zo karɓar ɗan dutsen. Na cusa shi cikin buhun gero na ce ya ɓata. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce sulhu nawa muka gani. Ya bari na gama tsaf, sannan ya maimaita mini maganarki. Wallahi na ji haushinki, Inna. Kin tafi kin bar mini maganar da ta fi ƙarfina.

Da hannuna na zaro shi na ba shi.

Tun da suka tafi ban ji muryarsa ba, can waya ba ta shiga. Ina shiga ina fita kamar kaza mai neman wurin ƙwai, tuwo ya ƙone, ɗalibai sun fara tambayata ko lafiya. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai na fito da gudu.

Jiya na tare wani mai babur da ya biyo ta gefen ƙauyen. Ya ce tsoro bai bar shi ya tsaya ba, kuma bai ga kowa ba. Amma da ya zo saitin gidanmu ya ji ana niƙa.

Innata, iyakar abin da nake riƙe da shi ke nan. Ke kika ce ba ya niƙa shi ɗai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya tsare mana Lawali, Ya sa kada ƙarar nan ta yanke.

Ɗiyarki da ta kasa zama,
Hadiza