Ƙorafi Kan Umarnin Huda Faifai Mai Lamba Biyu

Daga: Mai Kula da Taskar Muryoyi, Sashen Injiniya
Zuwa ga: Babban Darakta, Gidan Rediyo
Kwanan wata: Litinin, 17 ga Nuwamba, 2025

Game da: Goge shirye-shiryen marigayiya da gangan, da umarnin lalata faifan da ya rage

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwa da na tsallake ofishin Babban Injiniya na kawo muku wannan takarda kai tsaye. Na san ƙa'ida ta ce ta hannunsa za ta bi. To, shi nake ƙara, kuma na san inda takardu suke kwana idan suka shiga durowarsa.

Ni ce mai kula da na'urar da muke ajiye tsofaffin shirye-shirye, shekara tara ke nan. Ni ce kuma 'yar marigayiya mai gabatar da shirin safe, wadda ta yi wa gidan nan aiki shekara talatin da ɗaya, Allah ya yi mata rasuwa ran 2 ga Oktoba. Duk abin da ya rage na muryarta yana cikin faifai ɗaya a sito, kuma an sa ranar Juma'a, 21 ga wannan wata, za a huda shi. Ga yadda aka yi:

1. Na'urarmu tana aiki da faifan SSD guda biyu, waɗanda a sashenmu muke kira tagwaye, don duk abin da aka rubuta a ɗaya nan take yake shiga ɗayan. Irin wannan faifai suɗewa yake yi da yawan rubutu, kamar ƙasan takalmi, kuma tunda aiki ɗaya tagwayen suke yi, kusan tare suke mutuwa. Saboda haka ran 9 ga Yuni na cire mai lamba biyu tun da sauran ƙarfinsa, na sa sabo, don kada a wayi gari su faɗi rana ɗaya. Na rubuta a rajista, na miƙa tsohon ga mai sito. A lokacin Babban Injiniya ya ce iyayi ne irin na mata. Na haɗiye.

2. Idan aka goge abu a na'urar, ba ya ɓacewa nan da nan. Yana nan kwance har sai an sanar da faifan cewa wurin ya zama fili, shi kuma ya share shi ya shirya shi don sabon rubutu. Wannan shi muke kira shara. Bayan shara babu gwanin da zai dawo da komai. Shi ya sa na tsara ta sau ɗaya a wata, ran ɗaya ga wata, bayan na duba duk abin da aka goge na tabbatar ba kuskure. Sau huɗu wannan tsari yana ceton gidan nan, har da lokacin da sashen labarai suka goge hirarku da hannunsu.

3. Ran Talata, 11 ga Nuwamba, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kwana biyu da dawowata aiki daga zaman makoki, Babban Injiniya ya goge jakar shirye-shiryen mahaifiyata gaba ɗaya: shiri dubu huɗu da ɗari biyu da sha bakwai. Ya ce na'ura ta cika. Ranka ya daɗe, na'urar ko rabi ba ta kai ba, rajistar ranar tana nan. Tagwaye kuwa ba sa gardama, abin da aka goge a ɗaya ya tafi a ɗayan.

Da na gani ban ɗaga murya ba. Na je ofishinsa na ce masa ba komai, ba a yi shara ba, minti ashirin ya ishe ni in dawo da su. Wallahi da na san abin da zai biyo baya da na kama bakina. Ya tashi, ya ce in biyo shi ɗakin na'ura. Ya kira ma'aikata uku su tsaya, wai zai koya musu aiki. Ya jawo kujerata ya zauna, ya sa na'urar ta yi shara da hannunsa, sauran kwana ashirin lokacinta. Yana yi yana yi musu bayani dalla-dalla, har da tambayata ko ya yi daidai, tunda ni ce gwana. Na durƙusa masa a gaban mutane, abin da ban taɓa yi wa wani ba a gidan nan. Ya ce in tashi kada in ɓata ƙasan ɗakin, an goge shi da safe. Da aka gama ya juyo da allon wajena, ya ce in duba yadda wuri ya yi fes.

4. Ba a ɓoye yake ba, tsofaffin ma'aikata duk sun sani. A shekarar 2011 marigayiya ta kai rahotonsa, ranar da tasha ta ɗauke minti arba'in ana tsakiyar shirinta, shi kuwa yana bayan gini yana wanke motarsa. Aka ba shi takardar gargaɗi. Shekara goma sha huɗu yana gaishe ta har da rusunawa, yana ce mata Mama. Bai iya taɓa ta tana da rai ba, sai da ya ji an rufe ta. Wannan shi ne namijin da yake shugabantar sashenmu.

5. Za ku tambaya ko babu wani kwafi. Babu. Sau uku na rubuta ina neman ma'ajiya ta daban a wani gini, ran 4 ga Fabrairun 2022, da 15 ga Mayun 2023, da 20 ga Janairun bana. Duk Babban Injiniya ya mayar mini da su, ya ce mai tagwaye me zai yi da na uku. Tsofaffin kaset-kaset ɗin da muka kwafo shirye-shiryen daga cikinsu shi ne ya ba da umarni aka ƙone bara, don a mayar da ɗakin wurin hutawarsa. Dokar gida ta hana ma'aikaci fita da shiri, ni kuma uwar da ta haife ni ba ta yarda a taka doka, sai na bi. Yau ina cizon yatsa. A gida ma ba mu da komai, don ba ta aika saƙon murya a waya. Takan yi mana dariya ta ce ita a bakin aiki kawai take magana da na'ura. Ga shi ciwon maƙogwaro ya ɗauke mata murya shekara uku kafin rasuwarta, sai rubutu a ɗan littafi. 'Yata ba ta cika shekara uku ba. A cinyar kakarta ta girma, amma ba ta taɓa jin ta yi magana ba.

6. Faifai mai lamba biyu da na cire a Yuni yana ɗauke da komai, tunda ba ya cikin na'ura ranar da aka yi shara. Kuskurena shi ne na nemi mai sito ya ba ni shi ran Laraba, shi kuma bawan Allah ya nemi sa hannun Babban Injiniya kamar yadda doka ta ce. Ran Alhamis, 13 ga wata, sai ga takarda daga Babban Injiniya. A ƙa'ida ƙarshen Disamba ake huda tsofaffin fayafayai da injin huda ƙarfe don kada sirrin gida ya fita. Ya dawo da ranar zuwa Juma'ar nan, ƙarfe goma na safe. Faifai ɗaya tak ne a jerin. Da jan biro ya rubuta cewa ni zan riƙe injin, ni zan sa hannu na tabbatar ya lalace, in kuwa na ƙi a ɗauke shi a matsayin ƙin bin umarni. Haba, ranka ya daɗe! Ko dabba ba a sa ta haka.

7. Ko da ba a huda shi ba, lokaci ba ya jiranmu. Faifan da ya suɗe, idan ya daɗe ba wuta, abin da ke cikinsa yakan fara zubewa kaɗan-kaɗan. Wannan wata biyar ke nan yana kan kanta. Na roƙi a bar ni ko jona shi da wuta in yi na awa ɗaya, aka ce makullin sito yana aljihun Babban Injiniya.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinku:

(a) ya dakatar da umarnin ran 13 ga Nuwamba kafin Juma'a;
(b) ya sa a ba ni faifan na awa uku, a gaban duk shaidan da kuka zaɓa, in mayar da shirye-shiryen cikin taska;
(c) ya hana kowa yin shara da hannu ba tare da sa hannun mutum biyu ba.

Ban nemi a hukunta kowa ba. Tsakanina da shi Allah ya isa, kuma ba zan janye wannan kalma ba ko za a sa ta a fayil ɗina.

Idan har Juma'a ta yi ban ji daga gare ku ba, zan je. Shekara tara ban taɓa ƙin umarni ba, kuma ina da 'ya da zan ciyar. Zan riƙe injin, zan sa hannu. Abu ɗaya zan roƙa a wannan hali: ku sauko ku tsaya a wurin. Ranar da kuka zo mana gaisuwa, ku da bakinku kuka faɗa wa ƙannena cewa muddin gidan nan yana tsaye ba za a daina jin muryarta ba. Sun yarda da ku, har yau ban gaya musu komai ba. Wurin hudawa yana bayan sito, kusa da janareta, kuma aikin ba zai ɗauke ku minti biyu ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da adalci. Ku huta lafiya.

Taku mai biyayya,

(sa hannu)
Mai Kula da Taskar Muryoyi
Sashen Injiniya