Kular Zoɓon Inna Ta Ceci Aikina

Yaya Habiba,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigida, ya su Ummi, ya zaman Fatakwal? Ciwon ƙafar nan ya sake ki kuwa? Mu nan Hotoro lafiya lau.

Albishirinki, aikin digirina ya yi! Abin da nake haɗawa a ɗakin gwajin kamfaninmu na Bompai, in na tashi aiki, wani sukari ne da ake ɗaura wa sinadarin fosfet guda biyu a jere, irin wanda jiki ke gina ƙwayoyin gado da shi. Abu ne mai shegen tsirfa, da ya ji ɗumi sai ya tsinke. Malamina ya ce in ya sake lalacewa, sai baɗi.

Ranar da zan kai shi jami'a a auna, aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi, firjin da nake ajiye shi a ciki ya fara ɗumi. Na kira Inna ina kuka. Sai ga ta a adaidaita har ƙofar kamfani da kular zoɓonta. Ta juye zoɓon da za ta sayar, ta cika kular da ƙanƙara da gishiri, na saka abin a ciki, ta naɗe da buhu. Ta ce, "Share hawayenki, abin da ya riƙe zoɓo zai riƙe naki."

Haka na rungume kular har jami'a. Da aka auna, Yaya, fosfet biyun suna nan daram!

Saura in kare aikin gaban malamai, ki sa ni a addu'a. Ki gai da kowa. Inna na gaishe ki, ta ce ranar karɓar kwalin digirin da kularta za ta je.

Ƙanwarki,
Hadiza