Kyautar Auta ta Karya Injin Baba

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ga saƙo nan: filawil, wato faifan bayan inji, da fuli, wato ƙaramin faifan gaban inji, duka marasa nauyi, irin wanda muke sa wa motocin tsere a garejinmu. A ɗaura wa tsohuwar motarka, za ka ji ta kamar budurwa. Tunda aiki ya hana ni zuwa, kai sai ka zo.

Ɗanka, Auta.

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Kaya sun iso, an ɗaura. Kawunka bakanike ya yi ta mita, amma ka san shi. Mota lafiya lau. Zuwan ne dai na ɗaga, ƙafa ta ɗan matsa mini. Gidan shiru tun rasuwar mahaifiyarka, har da rediyo nake gardama. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.

Ɗana,

Ina gaishe ka. Babanka bai san na rubuto ba. Ƙafarsa ƙalau take.

Na gaya masa tsohon fulin akwai roba a cikinsa mai shanye jijjigar inji, naka kuwa ba shi da ita. Nauyin tsohon filawil ɗin kuma shi ke hana inji mutuwa in an tsaya. Ya ce, "Ɗaura kawai, yaron bai taɓa aiko mini da komai ba." Na ɗaura, mota tana ta karkarwa, tana mutuwa a kowace mahaɗa, shi kuwa yana yabonta.

Ran nan ya sa sabuwar riga, ya cika but ɗin mota da tsaraba, ya kama hanyar wajenka. Bai kai rabi ba karanshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, ya karye. Ya yini a bakin titi kafin ya yarda ya kira ni. Inji ya tashi daga aiki. Yanzu kullum da safe yakan zo gareji, ya shiga motar ya rufe ƙofa, ya zauna har azahar. Na rasa abin da zan ce masa.

Ka huta lafiya. Kawunka.

Kawu,

Na gode. Na karɓi hutu, jibi ina tafe. Kada ka gaya masa zan zo, kada kuma ka taɓa injin, ni zan kwance shi. Ka ce masa ka ɗauki sabon yaron gareji, yana neman mai miƙa masa sifana.

Auta.